Motar da ta cinye gadona, da abin da na tarar a cikin wayoyinta

Assalamu alaikum. Ni haifaffen Zinder ne, a unguwar Zango na tashi. Mahaifina baduku ne, yana ɗinka jakunkuna da takalman fata yana kaiwa Kasuwar Dole. Ya dage sai na yi lakwal, na yi har na samu birbe, daga nan na shiga koyarwa da kwantiragi a wani ƙauye ta wajen Matameye. Wanda ya taɓa wannan aiki ya san albashinsa: ga shi kaɗan, ga shi ba ya zuwa a kan kari. Na yi aure, Allah ya ba mu haihuwa, kullum kafin wata ya raba an fara rubuta sunana a littafin mai shago.

Da Allah ya yi wa mahaifinmu rasuwa aka sayar da wani fili nasa aka raba gado. Na haɗa rabona da adashin uwargidana da bashin da na ci wajen wani ɗan kasuwa, na sayi mota a ƙarshen 2014. Motar Turai ce ƙirar 1994, doguwa mai babban kofur, an shigo da ita ta Kwatano, kuɗinta ya kusa miliyan 2 na sefa. Niyyata in ba direba ya riƙa jigilar fasinja tsakanin Zinder da Matameye, idan an yi hutu in karɓi tuƙin da kaina. Kafin in biya na kai makanike ya duba. Ya saurari inji, ya kalli hayaƙi, ya gwada giya, ya shiga ƙarƙashi ya girgiza ƙafafu, ya ce sambarka. Kuma gaskiya ya faɗa, inji ba shi da komai. Wayoyi ne ba wanda ya kalla, don a wajenmu ba a saba kallonsu ba sai sun yi hayaƙi.

Da sanyi ta yi aiki ba laifi. Da bazara ta shigo, lokacin da zafin Damagaram ke wuce digiri 40, sai ta fara. A kwana da ita lafiya, da asuba a murɗa kontak a ji ƙas, ƙas, batir ya mutu. Aka ce batir ne, na sayi sabo. Ba a jima ba ya sake kwana babu wuta, aka ce altarnater, wato abin da ke cajin batir in inji yana aiki, ba ta caji, na sayo wata ta hannu. Daga nan ta koyi mutuwa a tsakiyar hanya idan inji ya yi zafi: direba ya faka, a jira ta huce, ta tashi kamar ba abin da ya faru. Wannan ya ce famfon mai, wancan ya ce bobin, wani ya ce sansa, wato ƴar na’urar da ke auna yanayin inji ta kai labari. Duk na saya. Fis ɗin fitilu yana ƙonewa, a sa wani, ya ƙone. In an taka birki sigina ta yi ɗan haske a tablo.

Abin da ya fi cin raina shi ne duk lokacin da aka canza wani abu sai motar ta yi shiru na ɗan lokaci, in ce alhamdulillahi an gano, in shaida wa iyali cewa wahala ta ƙare. Sai daga baya na fahimci dalili. Mai gyara yana cire kaya yana mayarwa, hannunsa yana motsa damin wayoyi, wayoyin da suke taɓa juna su ɗan rabu. Motar ta shiga gargada, su koma inda suke. Kayan da nake saye ba su ne suke warkar da ita ba, motsin hannun ne kawai.

Ran da abin ya kai maƙura tana ɗauke da fasinja, da mata da yara a ciki, hayaƙi ya taso daga ƙarƙashin tablo. Allah ya taimaka direban yana da filaya a kusa, ya buɗe kafo ya fizge kan batir. Da aka duba akwatin fis sai aka ga wani mai gyara ya gaji da fis mai ƙonewa ya naɗa zaren waya a gurbinsa. Wutar da ya kamata ta tsaya a fis ta bi waya ta narkar da ita tun daga akwatin har bayan sitiyari. Ba wanda ya ji rauni, amma da aka kira ni a waya aka faɗa mini, ƙafafuna suka ƙi ɗaukata. Na yi ta tunanin da wani yaro ya ƙone a motata, da me zan ce wa iyayensa. Direban ya kawo mini makulli ya ce, “Malam, ka yi haƙuri, ni ba zan iya ba.” Ban ga laifinsa ba.

Mutane suka ce in daina yawo wajen masu gyaran bakin hanya, in je wajen wakilin kamfani a Yamai. Tsakaninmu da Yamai kusan kilomita 900 ne, motar ba za ta iya ba, kuɗin ɗora ta a kan babbar mota kuma ba ni da shi. Na shiga bas da takardun mota da hotunan wayoyin da suka ƙone. Sun karɓe ni da mutunci. Suka ɗauki lambar shasi, mai haruffa da lambobi 17, suka duba a kwamfuta, suka fitar mini da takardar ƙiyasi. Damin wayoyin inji sabo, damin wayoyin tablo sabo, akwatin fis, kuɗin aiki, haraji. Jimilla ta haura jika 900, wato kusan rabin kuɗin motar, kuma ban da kawo ta, ban da abin da za su gano idan sun buɗe. Za a biya wani kaso tukuna, sannan a yi odar kaya daga Turai a jira.

A lokacin na ji kamar an zalunce ni. Yau da nake cikin sana’ar na san ba zalunci ba ne, tsarin aikinsu ke nan. Wakilin kamfani ba ya yanka waya ya ɗaura wata, domin yana ba da garanti a kan aikinsa, ba zai iya lamuntar ɗauri a kan tsohuwar waya ba. Saboda haka in waya ɗaya ta lalace a cikin dami, damin gaba ɗaya yake canzawa. Kuɗin aiki da awa ake lissafa shi, kuma kafin a kai ga damin tablo sai an cire sitiyari, da agogunan tablo, da akwatin iska, wani lokaci har kujerun gaba. Ga kuɗin jirgi da na kwastan a kan kayan. Wannan tsari ya dace da sabuwar mota ta ma’aikata ko ta mai hali. Motar da ta shekara 20, farashin damin bai san ta tsufa ba.

Na dawo gida na lulluɓe ta da tamfol a ƙofar gida. Wannan lokaci shi ne mafi nauyi a rayuwata. Mai bashi bai taɓa ɗaga mini murya ba, yaronsa kawai yake turowa ya gaishe ni, gaisuwar kuwa ta fi zagi ciwo. Na daina zama majalisa bayan isha’i don gudun tambayar “ya motar?” Ina shiga aji in tsaya gaban allo, alli a hannu, hankalina yana kan lissafin bashi. Abin da ya fi damuna shi ne gadon. Mahaifina ya yi shekaru yana sunkuye kan fata kafin ya mallaki filin nan, ga shi ya koma ƙarfe a ƙarƙashin tamfol, awaki suna kwana a inuwarsa. Uwargidana ba ta taɓa ambaton adashinta ba ko sau ɗaya. Ta sayar da tumakinta biyu aka rage wa mai bashi, ta ce, “Malam, lafiyarka ta fi mana mota.” Na je wajen Inna na ce zan sayar wa masu yanka mota su raba ta kaya-kaya. Ta ce, “Ɗan nan, kada ka yanke shawara cikin ɓacin rai. Ka bari bayan salla.”

Kafin sallar wani maƙwabci ya haɗa ni da wani dattijo da ya yi shekaru yana gyaran wutar manyan motoci a arewa, ya dawo gida ya buɗe ƴar rumfa. Ya zo ya ɗaga tamfol, ya buɗe kafo, bai taɓa inji ba. Ya sa yatsa ya yaye robar da ta rufe wani soket kusa da kan inji, ya lanƙwasa wayar. Rigar wayar ta farfashe ta zube kamar ƙanzo, jan ƙarfe ya fito tsirara. Ya ce, “Malam, ga ciwon motarka.” Na ce, “Baba, nawa zan biya?” Ya ce idanunsa sun yi rauni, ba zai iya bin waya ɗaya bayan ɗaya ba, amma tunda na iya karatu da lissafi, in zo in zauna, shi ya nuna ni in yi. Na yi kwanaki ina juya maganar, domin malamin makaranta ya koma yaron gareji ba ƙaramin abu ba ne a idon mutane. Da hutun damina ya zo na sa tsofaffin kaya na tafi.

Abin da ya fara hana ni shi ne sayen komai kafin awo. Ya ba ni miltimita, wato mitar awon wuta, ya ce daga batir ake farawa kullum. Batir da ya huta, in ya cika, zai nuna bolt 12.6. In ya nuna 12.2 rabinsa ya tafi, in ya gaza 12 ya sauka. A sa wani ya murɗa kontak kana kallo: lokacin da demarer, wato abin da ke juya inji ya tashi, ke juyawa kada ya faɗi ƙasa da 9.6. In inji ya tashi a ga tsakanin 13.8 da 14.5, wannan ya nuna altarnater tana caji. Awo uku ke nan, ba su kai minti biyar ba, kuma su ne suke raba tsakanin laifin batir da na altarnater da na waya. Dabarar nan da ake yi ta cire kan batir inji yana aiki don a ga ko zai mutu, a daina ta. Batir ne yake shanye tsallen wuta, in ka cire shi tsallen yana iya kashe diyod na altarnater ko ƙwaƙwalwar inji, wato ƴar kwamfutar da ke sarrafa shi, nan take.

Batir mai mutuwa cikin dare kuwa, ɓarawo ake nema. A kashe komai, a cire makulli, a rufe ƙofofi. A sa kile 10, wato abin kwance noti mai lamba 10, a cire kan batir mai alamar −, a mayar da mita wajen ampa 10, a sa ta tsakanin sandar batir da wayar da aka cire. A ɗan jira motar ta kwanta. Abin da ya halatta ta sha bai wuce miliampa 50 ba, don agogo da ƙwaƙwalwa. In ya fi haka a riƙa zare fis ɗaya bayan ɗaya har lambar ta faɗi, layin da ya faɗar da ita nan ɓarawon yake. In an zare duka ba ta faɗi ba, a cire babbar wayar bayan altarnater, don diyod da ya lalace yana barin wuta ta koma baya. Kada a tayar da mota mita tana wannan hali, za ta ƙone. A tawa mun tarar da ampa 0.4, wato miliampa 400, kuma ƙwan fitilar kofur ne mai wat 5, makunninsa ya karye yana ci dare da rana a rufe. Lissafin mai sauƙi ne: ampa 0.4 sau awa 24 ya kusa 10, batir mai lamba 60 kuwa in ya rasa rabinsa da ƙyar ya juya inji. Ga rediyo da aka ɗaura kai tsaye a wayar da ba ta bin kontak. Saboda waɗannan biyu na sayi batir da altarnater.

Sai mas, wato hanyar da wuta ke komawa batir ta jikin ƙarfen mota. A ganina rabin abin da ake kira aljanun mota a nan suke. Akwai babbar waya daga batir zuwa jikin mota, akwai wata daga jikin mota zuwa inji, sannan ƙanana a bayan fitilu da ƙarƙashin tablo. A motocin Jamus wayar mas ruwan ƙasa ce, a Toyota fara ce mai baƙin layi. Ido ba ya gane mas mara kyau, kuma awon om yana yaudara, domin zare ɗaya da ya rage zai nuna maka hanya a buɗe take alhali ba zai ɗauki nauyi ba. Awon gaskiya shi ne mita a kan bolt, tsinke ɗaya a sandar batir mai alamar −, ɗaya a jikin inji, wani ya murɗa kontak. In ta nuna fiye da 0.2 zuwa 0.3, akwai tsatsa ko sako-sako a hanya. Haka a ɓangaren +, daga sandar batir zuwa demarer, kada ya wuce 0.5. In mas ɗin inji ya tsinke wuta ba ta haƙura, sai ta nemi wata hanya, ta bi wayar totur ko ta kuloc ta gasa su. Siginar da ke haske in an taka birki ita ma mas ne: fitilar baya ta rasa hanyarta, wutar birki ta ratsa ta ƙwan sigina. Gyaransa a kwance, a goge wurin da samfefa har ƙarfe ya yi fari, a ɗaure tam, a shafa giris a sama. Farin garin da ke taruwa a kan batir a wanke shi da ruwan kanwa, amma a kiyaye kada ya shiga ramukan batir. Kuma kullum mai alamar − ake fara cirewa, shi ake mayarwa ƙarshe.

Fis ba ya ƙonewa don mugunta. An yi shi ne ya mutu a madadin waya, saboda haka girmansa yana bin kaurin wayar da yake tsaro. Masu ƙafa biyu na roba launinsu ne lambarsu: ja 10, shuɗi 15, rawaya 20, kore 30. Tsofaffin motocin Turai masu fis dogo mai tsini biyu launinsu daban ne, fari 8, ja 16, shuɗi 25, kuma tsininsu yana tsatsa, sai a ga fis lafiya amma wuta ba ta wucewa. Wanda ya cire 10 ya sa 30 ya mayar da wayar ita ce fis. Hanyar gano inda waya ke taɓa ƙarfe ba tare da ƙona fis goma ba: a ɗauki ƙwan birki mai wat 21, a liƙa masa wayoyi biyu, a soka su a gurbin fis ɗin, a kashe duk kayan da ke kan layin. In ƙwan ya kama da ƙarfi, wuta tana zuba a ƙarfe. Sai a bi dami ana motsa shi da hannu, ana cire soket ɗaya ɗaya, inda ƙwan ya mutu ko ya dushe nan ne. Wuraren da na fi samu: inda dami ya ratsa bangon da ke tsakanin inji da ɗaki robar ramin ta faɗi, cikin robar da ke tsakanin ƙofa da jikin mota inda waya ke lanƙwashewa duk buɗewa, maƙalar murfin kofur, ƙarƙashin mazaunin batir inda asid ke ɗiga, da duk inda aka taɓa naɗa baƙin salatif.

Babban aikin shi ne damin inji. Wasu motocin Turai na farkon shekarun 1990 an yi wayoyinsu da roba wadda ba ta jure zafi, a can ma tana farfashewa, balle a nan. Wayoyin sansa da na injekta, masu fesa mai a inji, suna kwance jikin juna tsirara, in inji ya yi zafi ko an shiga gargada su taɓa juna, ƙwaƙwalwa ta samu labarin ƙarya ta yanke mai. Baba ya sa na cire damin ɗungurungum bayan na ɗauki hoton kowane soket na rataya masa takarda mai lamba. Muka shimfiɗa shi a kan faifan katako, muka kafa ƙusa a kowace mararraba don siffarsa ta zauna. Sannan waya ɗaya a lokaci ɗaya: a yanke tsohuwa, a auna sabuwa daidai tsawonta da kaurinta, a haɗa, a gwada da mita, a rubuta a littafi, kafin a taɓa ta gaba. Wanda ya yanke biyar a tare ya shiga uku. Wayoyin sansa sirara ne, lambar kaurinsu 0.5 ko 0.75. Mai lamba 1.5 tana ɗaukar wajen ampa 15, mai 2.5 wajen 20 zuwa 25, kuma ba a taɓa sa wadda ta fi ta asali siranta. Wayoyin da ke da rigar raga a ciki, irin na sansar juyawar inji, da irinsu ake mayarwa.

A kula da wayar da ake saye. Akwai mai araha a kasuwa wadda alminiyam ce aka shafa mata jan ƙarfe. A kankare zaren da wuƙa, in ciki fari ne a ajiye ta, tana zafi kuma tana karyewa. Wayar gida mai ƙarfe ɗaya ma ba ta mota ba ce, girgiza tana tsinka ta. Abin da ya fi mana kyau shi ne damin wata mota ƙirar baya-bayan nan daga wajen masu yanka mota, aka warware shi aka samu waya mai kyau launi-launi. Haɗi kuwa, murɗa waya biyu a naɗe da salatif shi ne tushen ciwon da ke dawowa, don zafinmu yana narkar da gam ɗin, ƙura ta shiga, damina ta zo ya yi kore. A matse da ƙarfen haɗi da filayar matsewa, ko a liƙa da dalma kaɗan yadda ba za ta bi cikin zare ta sandarar da waya ba, a rufe da robar nan mai tsukewa in ta ji wuta. Kada haɗi biyu su zo waje ɗaya, a jera su gaba da baya. A naɗe damin da salatif na yadi, a ɗaure shi nesa da bututun hayaƙi, a mayar da robar kowane rami.

Duk abin da na kashe a wannan aiki bai kai jika 60 ba, sai dai ya ci hutuna kusan gaba ɗaya. Ran da na murɗa kontak ta tashi, na bar ta tana aiki har fanka ya kama ya saki, na kama damin na girgiza da ƙarfi inji bai ko canza murya ba. Na zagaya bayan rumfa na yi kuka. Baba bai ce komai ba, sai da na dawo ya ce in auna caji in rubuta.

Motar ta koma hanya, a hankali na biya bashi, na mayar wa uwargida tumakinta. Na ci gaba da zuwa rumfar Baba bayan an tashi makaranta, da ƙarfinsa ya ƙare ya bar mini kayan aikinsa, na ajiye alli. Yanzu ina da yara masu koyo a hannuna. Ba zan ce na yi arziki ba, amma ba a rubuta sunana a littafin mai shago. Lokacin da aka rufe iyakoki bayan juyin mulkin Yulin 2023, kayan gyara daga Kano da Kwatano suka yi wuya, mutane da yawa da suka saba canza kaya suka dawo neman a gyara musu abin da ke akwai, a nan ne na ƙara ganin yawan altarnater da famfon mai masu lafiya da ake zubarwa.

Yawancin motocin da ake kawo mini ba tsufa kaɗai ya kashe wayoyinsu ba, ƙare-ƙare ne. An cire ƙwan fitila mai wat 55 an sa mai 100, wanda ke jan wajen ampa 8 maimakon ƙasa da 5, makunni da soket su narke. An ƙara hon mai iska, da lasifika, da fitilun ado, duk a kan wayar da ta fi kusa. Duk abin da za a ƙara mai jan wuta a ba shi wayarsa daga batir, da fis kusa da batir ɗin, da rile, wato makunnin da ƙaramar wuta ke kunna babba da shi, mai ƙafafu masu lamba: ƙafa 30 daga batir, 87 zuwa kayan, 85 da 86 su ne na makunni da mas. Mai walda kuma kada ya taɓa mota sai an cire batir, kuma ya maƙala mas ɗinsa kusa da inda yake aiki. Masu wanke inji da ruwa mai ƙarfi suna cika mini rumfa. Motar da za ta daɗe a ajiye, musamman kusa da buhunan hatsi, a riƙa buɗe kafo, ɓera yana son rigar waya.

Akwai abin da nake mayarwa wajen wakilin kamfani ko mai na’urar da ta dace, ba na jin kunya. Makulli mai lamba da ya ɓace, ƙwaƙwalwar da ke buƙatar a rubuta mata bayanin motar, da layin jakar iska, wanda galibi soket ɗinsa rawaya ne, ba a soka masa fitilar gwaji don yana iya fashewa a fuskar mutum. In za ka je wajensu, nemi takardar ƙiyasi a rubuce, kuɗin kaya daban, awoyin aiki daban, ka tambayi wane awo ya nuna kayan nan ne ya lalace, kuma a ba ka tsohon da aka cire. Motocin fetur na Turai daga 2001, da na Amurka daga 1996, suna da soket mai rami 16 da ake sa na’urar bincike. Amma na’urar layi take nunawa, in ta ambaci sansa tana iya nufin wayarta ko soket ɗinta. Sansar zafin ruwa irin wadda ta fi yawa a motocin Turai ana gwada ta da mita: wajen om 2,500 a digiri 20, ta sauka wajen 300 in inji ya yi zafi. In ta ba da haka lafiyarta lau, a koma kan waya.

Wanda zai sayi tsohuwar mota ya tafi da mai wuta tare da makanike. A yaye robar soket biyu ko uku kusa da kan inji a lanƙwasa waya a gani. A buɗe akwatin fis a duba ko akwai zaren waya, ko narkewa, ko fis da ya fi abin da aka rubuta a murfi. A leƙa ƙarƙashin sitiyari da tocila a ƙirga ɗaurin salatif. A ɗaga kafet a taɓa ko akwai danshi ko busasshen laka. A kunna kontak a tabbatar duk fitilun gargaɗi na tablo sun kama sannan sun mutu bayan inji ya tashi, don akwai masu cire ƙwan. A kunna fitilu da sigina a taka birki a tare, wani yana tsaye a baya yana kallo. In an ga robar waya tana farfashewa, a cire kuɗin sabunta dami daga farashin tun a wajen ciniki, in mai motar ya ƙi a bar masa abarsa.